Ko Maganaɗisun Duniya Zai Iya Riƙe Jirgi A Sama?

Mu mutanen Gomari ba sai an ba mu labarin jirgin sama ba, don kuwa maƙwabcinmu ne. Filin jirgin Maiduguri yana nan kurkusa da mu, har ma da sunansa a ke kiran wani sashe na unguwar. Da na fasinja da na soja duk ta kanmu su ke bi, kuma duk malamin da ya koyar a nan ya san yadda a kan dakata da magana a tsakiyar darasi har ƙara ta wuce. Ba kuwa yau aka fara ba. Tun cikin 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano. A zamanin yaƙin Hitila kuwa, daga 1940, jiragen da a ke harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau, ta Ikko da Kano da Maiduguri su ke bi, su wuce Sudan har Masar.

Sabo da haka ba abin mamaki ba ne in yaran unguwar nan suna yawan tunanin tashi sama. Da kara da gwangwani da robar silifa su ke ƙera nasu jiragen. Amma akwai wani abu kuma da ya shiga ransu a 'yan shekarun nan. Cikin watan Janairu na 1921 ba su nan, amma cikin Janairu na 2021 suna nan, sa'ad da aka karya turakun da ke kawo wa birnin nan lantarki ta hanyar Damaturu, muka yi wata da watanni cikin duhu. Suna nan kuma cikin Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin Keke Napep ya tashi, wasunsu suka koma zuwa makaranta da ƙafa. Yaron da ya ga wannan, ba abin da zai fi so kamar wata na'ura wadda za ta yi tafiya ba inji, ba mai, ba biya.

Daga irin wannan tunani ne wata tambaya ta fito mini a aji uku na ƙaramar sakandare. Mun yi darasi biyu a jere. A na farko na goga allura da maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo, na ɗora ta kan ɗan ganye cikin kwanon ruwa, ta juya ta fuskanci arewa. Na gaya musu duniyar nan kanta babban maganaɗisu ce. A na biyu, da ya ke hunturu ne, muka goga biro a gashin kai, ya ɗauki gutsattsarin takarda. Na gaya musu wannan shi ne cajin lantarki da ke maƙalewa a jikin abu, shi ne kuma ke yin ƙyas-ƙyas in mutum ya yaye bargo da dare cikin sanyi. Sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, tun da duniya maganaɗisu ce, me zai hana a cika jirgi da caji, a cire masa inji, duniya ta riƙe shi a sama?"

'Yan aji suka fashe da dariya. Na hana su, na ce wa yaron, "Tambayarka ta fi ƙarfin i ko a'a. Gobe za mu kai ta gaban alli, shi zai yi mana hukunci." Abin da allin ya nuna mana shi na ke so in gaya wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, don na tabbata wata rana za su gamu da irinta.

Da farko dai sai a ba yaron gaskiyarsa, don yana da ita har wuri uku. Lalle duniya maganaɗisu ce. Wani likita Bature mai suna William Gilbert ya bayyana haka tun cikin 1600, kuma yanzu an san asalin abin: narkakken ƙarfe ne ke motsi can cikin cikinta, daga zurfin wajen kilomita 2,900. Lalle kuma maganaɗisu yana tura abu mai caji, amma da sharaɗi: sai abin yana gudu, kuma sai gudun ya ratsa layukan maganaɗisun. In haka ta samu, ba gaba a ke tura shi ba, ba kuma baya ba, sai a gicciye. Wani masani na ƙasar Holan, Hendrik Lorentz, shi ya tsara ƙa'idar wannan cikin 1895, da sunansa kuma a ke kiranta.

Gaskiya ta uku ita ta fi ba ni sha'awa, don ta shafe mu. Layukan maganaɗisun duniya ba a kwance su ke ko'ina ba. A Ingila sun soke ƙasa da wajen digiri 66, can ƙuryar arewa kuwa a tsaye su ke cak. Amma akwai wani layi da ya kewaye duniya ta tsakiya, inda su ke kwance shamal suna fuskantar arewa, kuma wannan layi ta arewacin Nijeriya ya ratsa, ba nisa da Maiduguri. To, inda layukan ke kwance suna duban arewa, abu mai caji irin mai alamar tarawa, in ya yi gudu ya nufi gabas, sama sosai za a tura shi. Watau da dabarar yaron nan za ta yi aiki a wani wuri cikin duniya, to, Gomari na cikin wuraren da suka fi dacewa da ita. Da na faɗi haka sai masu dariya suka yi tsit.

Saura tambaya guda, wadda ita ce uwar duk ilmin kimiyya: nawa? Turawar akwai ta, amma nawa ce?

Ƙa'idar Lorentz ba ta da wuya. A ɗauki yawan caji, a ninka shi da saurin gudu, a ninka da ƙarfin maganaɗisu, abin da ya fito shi ne ƙarfin turawa. Ko wanne yana da mudunsa. Mudun caji kulom, mudun maganaɗisu tesla, mudun turawa kuwa niwton. Muka ce jirginmu ƙarami ne, shi da matuƙinsa kilo 300. Kafin a riƙe wannan nauyi a sama ana bukatar wajen niwton 3,000. Muka ba shi gudun mita 30 cikin daƙiƙa, watau kilomita 108 cikin awa, kamar motar da ta sami hanyar Damaturu ba kowa. Ƙarfin maganaɗisun duniya kuwa tsakanin kashi 25 ne da 65 cikin miliyan na tesla ɗaya, a nan wajenmu kamar kashi 34. Ɗan maganaɗisun lasifikar da na goga allura da shi ya fi wannan sau ɗaruruwa.

In an ninka 30 da 0.000034, abin da zai fito wajen 0.001 ne. In an raba 3,000 da 0.001, sai a sami 3,000,000. Ke nan jirginmu yana bukatar caji kulom miliyan uku.

Lamba ita kaɗai ba ta tsoratad da yaro, sai an gwada ta da abin da ya sani. Walƙiyar damina, irin wadda ke tsaga itacen dalbejiya ta kashe shanu, cajin da ta kan sauke bai fi wajen kulom 15 ba. To, sai an tara irinta 200,000 a jikin ɗan jirgin nan. Bal ma dukan cajin da ke shimfiɗe a kan fuskar duniya baki ɗaya, da tudu da teku, masana sun ƙiyasta shi wajen kulom 500,000 ne. Jirginmu na mutum ɗaya yana neman ninkinsa shida.

Sa'an nan muka juya tambayar, muka ce to nawa jikin jirgin zai iya riƙewa? Caji ba ya son zama da ɗan'uwansa, ture juna su ke yi. In ya yi yawa a jikin abu, sai ya fasa iska ya tsere, shi ne tartsatsin da mu ke gani. Iska ta kan fashe in matsin lantarki ya kai wajen bolt miliyan uku a tsawon mita ɗaya. Da wannan iyaka, jirgin da faɗin jikinsa duka ya kai murabba'in mita 40 ba zai riƙe fiye da kamar kashi ɗaya cikin dubu na kulom guda ba. Wanda ya taɓa duban fiffiken jirgin fasinja da kyau zai ga waɗansu 'yan tsinkaye a bayansa. Aikinsu ke nan, su zubad da ɗan cajin da jirgi ke kwasa a hanya, don kada ya dami rediyon matuƙi.

Ga abin da a ke bukata, kulom miliyan uku. Ga abin da za a samu, kashi ɗaya cikin dubu na kulom. Tsakaninsu ninki miliyan dubu uku ne. Da wannan ɗan caji, turawar da duniya za ta yi wa jirgin, ko an raba ƙwayar gero gida ashirin, kashi guda ya fi ƙarfinta. Wata yarinya ta ce, "Malam, a ƙara masa gudu mana." Muka lissafa mata. Kafin gudu ya cike wannan giɓi, sai jirgin ya fi haske sauri sau 300, alhali kuwa haske yana cin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa, ba kuma abin da ke iya wuce shi.

Ko da an yi wata hikima an tsallake wannan, akwai wani shinge a gaba. Na ce turawar a gicciye ta ke. Ku dubi jakin da aka ɗaure a turke. In ya zabura, igiya ta kan karkata shi ya yi ta kewaya, amma ba ta ƙara masa sauri ko na taki ɗaya. Haka maganaɗisu ya ke da abu mai caji: yana sauya masa hanya, ba ya ba shi ƙarfin tafiya. Iska kuwa kullum tana tare jirgi tana rage masa gudu. Ba inji, gudu ya ragu. Gudu ya ragu, turawa ta ragu. Ƙarshenta dai ƙasa za a dawo.

Har wa yau jirgin ba shi da zaɓin hanya. In ya nufi gabas, wajen Dikwa da Gamborun Ngala, a ɗaga shi. In ya juyo yamma zai tafi Potiskum ko Kano, ƙarfin nan da kansa zai danna shi ƙasa. In kuwa ya nufi arewa ko kudu sosai, watau yana bin layukan ba ya ratsa su, ba abin da zai taɓa shi ko kaɗan. Jirgin da zai kai alhaji amma ba zai komo da shi ba, wa zai shiga?

Akwai wata dabara da ta kan zo wa mutane, har manya. Su ce a bar zancen caji, a cika cikin jirgin da maganaɗisu, ya ture na duniya kamar yadda guda biyu ke ture juna a hannu. Amsar tana cikin kwanon ruwan nan. Allura ta juya ta dubi arewa, amma ba ta yi iyo ta tafi gefen kwano na arewa ba, tana nan inda aka ajiye ta. Dalili kuwa, maganaɗisu ba ya jan ɗan'uwansa ko ya ture shi sai inda ƙarfinsa ya bambanta daga nan zuwa can. Na duniya kuwa, sabo da girmanta, kusan daidai ya ke daga kan jirgi zuwa wutsiyarsa, daga cikinsa zuwa bayansa. Sai dai ya juya abu, ba ya ɗaga shi.

Ba wai maganaɗisu ba ya ɗaga kaya ba ne sam. Yana yi, in yana da ƙarfi kuma yana kusa. Cikin 1997, a garin Nijmegen na Holan, Andre Geim da abokan aikinsa sun sa kwaɗo mai rai ya tsaya a iska ba abin da ke riƙe da shi. Amma maganaɗisun da suka yi aiki da shi tesla 16 ne, kusan ninki rabin miliyan na wanda ke ƙarƙashin ƙafarmu, kuma lantarki mai yawa ya ke ci. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an buɗe wani jirgin ƙasa cikin 2004 wanda ba ya taɓa dogonsa. Amma tsakanin maganaɗisunsa da dogon wajen santimita ɗaya ne kurum, kuma ran da aka yanke wuta sai ya zauna.

To, shi maganaɗisun duniya ba ya ɗaukar kome ke nan? Yana ɗauka, amma kayansa ƙanana ne ƙwarai. Rana tana feso waɗansu ƙwayoyi masu caji, waɗanda ido ba ya gani, masu gudun ɗaruruwan kilomita cikin daƙiƙa. Da ya ke ba su da nauyi kuma ga gudu, su maganaɗisun duniya yana sarrafa su yadda ya ga dama. Ya karkatad da waɗansu su wuce, ya tsare waɗansu su yi ta kewaya can sama. Cikin 1958 James Van Allen na Amurka ya gano inda su ke taruwa. A nan bisa kanmu ma, wajen kilomita 100 sama, akwai wani kogin lantarki da ke kwarara gabas da rana, yana bin layin nan da na ce ya ratsa arewacin Nijeriya. Wani ɗan ƙasarmu, Farfesa Cyril Onwumechili, ya yi suna a duniya wajen bincikensa tun yana Ibadan. Ƙananan taurarin ɗan Adam kuma suna amfani da maganaɗisun duniya su juya fuskarsu, kamar dai allurar kwano. Amma su ma ba shi ke riƙe da su a sama ba, gudunsu ne.

Wanda ya fi kowa kusa da cika burin yaron nan, in gaya muku, Gizo ne. Ban da maganaɗisu, akwai matsin lantarki tsakanin ƙasa da sama, wajen bolt 100 a ko wace mita in gari ya yi garau. Cikin 2018 waɗansu masana biyu na Jami'ar Bristol a Ingila, Erica Morley da Daniel Robert, suka nuna cewa ƙananan gizo-gizo suna jin wannan lantarki, su saki zare, ya ɗaga su sama ko ba iska. Yara sun ji daɗin wannan ƙwarai, suka ce ashe wayon Gizo ba a tatsuniya kaɗai ya tsaya ba. Sai dai shi nauyinsa bai kai na ƙwayar dawa ba. Da za a gwada wa jirginmu wannan hanya, abin da za ta ɗauke masa bai wuce giram goma ba cikin kilo 300.

Amma fa jirgi maras inji akwai shi, kuma malaminsa yana bisa kanmu kullum. Ku fita da hantsi cikin bazara, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, ku dubi shirwa. Sai ta shimfiɗa fikafikai ta yi ta kewaya tana hawa, ba ta kaɗa su ko sau ɗaya. Rana ce ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iska mai zafi ta tashi, shirwa ta hau ta kamar doki. Guguwar da ke murɗa ƙura a fili ita ma 'yar gidan ce. Turawa sun kwaikwayi wannan. Otto Lilienthal na Jamus ya yi ta gwaji da fikafikai daga 1891 har ya rasa ransa a ciki cikin 1896. Yanzu akwai jirage masu dogayen fikafikai, ba inji, waɗanda a kan ja su da igiya a kai su sama a sake su. Cikin 2003 Klaus Ohlmann ya yi tafiyar fiye da kilomita 3,000 da irinsu cikin yini ɗaya, bisa duwatsun Amurka ta Kudu. Cikin 2018 wani mai suna Perlan 2 ya haura ƙafa 76,000, nesa da inda jiragen fasinja ke kaiwa.

Su ma ba a banza su ke tashi ba. Rana ce ke biya musu, don ita ke motsa iska. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk abin da ya yi motsi ya ture iska, lalle akwai inda ya samo ƙarfinsa, ko daga mai, ko daga rana, ko daga tuwon da mutum ya ci. Wanda ya gane wannan ba ya daina ƙirƙira, sai dai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Jirgin nan Solar Impulse 2 ya gama kewaya duniya cikin 2016 ba ɗigon mai, da hasken rana da batir da farfela. A nan Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya cire injin fetur daga ƙananan motocin safa ya mai da su masu aiki da batir, har labarinsa ya kai ƙasashen waje. Rana dai muna da ita, har ta yi mana yawa.

Ya ku 'yan'uwana malamai na gobe, ga inda na dosa. In yaro ya kawo muku irin wannan tambaya, hanya mafi sauƙi ita ce a daka masa tsawa, a ce ba ya cikin manhaja. Wanda aka yi wa haka sau biyu ba ya sake ɗaga hannu, kuma mai yiwuwa ne injiniya aka kashe a wurin. Wata hanya mai sauƙi kuma ita ce a ce masa, "Ai kome mai yiwuwa ne, ɗana," don a faranta masa rai. Wannan ta fi ta farko haɗari. Yaron da aka saba masa da haka shi ne zai girma wani ɗan damfara ya zo masa da janareta wai maras shan mai, mai aiki da maganaɗisu kaɗai, ya sayad da akuyar uwarsa ya saya. Ko kuwa ya ɓata shekarun ƙuruciyarsa yana ƙera abin da rabin allo zai iya gaya masa ba zai tashi ba.

Abin da ya kamace mu shi ne mu karɓi tambayar da mutunci, mu ware gaskiyar da ke cikinta mu yaba, sa'an nan mu miƙa wa yaron alli ya auna sauran da hannunsa. Ba a bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Allura da kwano da biro da ninkawa da rabawa sun isa, ko a makarantar da ba ta da taga. In almajiranmu suka bar hannunmu sun saba da tambayar "nawa?" duk sa'ad da aka kawo musu wani abin al'ajabi, to, mun ba su garkuwar da za ta tsare musu dukiya da hankali har tsufa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya ba mu haƙurin sauraron yara, ya ba mu ilmin amsa musu da gaskiya, ya kuma zaunad da ƙasarmu lafiya. Amin.